Me ya haɗa ruwan Kano da teku?

Jiya ka tambaye ni, ɗana, me ya sa kullum da safe nake sa ka duba zafin teku, alhali manomin da ke jiran hasashenmu yana Kano, ko teku bai taɓa gani ba.

Iska ba ta da riƙo. Abin da ka auna a sama yau, kafin mako biyu ya watse, kwamfuta ma ta ɓatar da sawunsa. Teku kuwa kamar randa yake, ba ya saurin ɗumi, ba ya saurin hucewa. Kimanin mita 3 na samansa kaɗai na iya riƙe zafin da dukkan iskar duniya ke riƙewa. Shi ya sa in za ka yi maganar mako uku ko huɗu masu zuwa, wurinsa za ka nemi labari.

Dubi mashigin tekun Gini, wato tekun da ke kudu da Najeriya. Wajen Mayu zuwa Yuni ruwan can yakan yi sanyi, lokacin Sahara tana ci kamar wuta. Wannan bambancin ne ke janyo iska mai laima ta yo arewa, har zuwa ƙarshen Yuni ruwan sama ya baro gaɓa ya zo mana. Shekarar da ruwan tekun ya ƙi hucewa, hadari yakan yi zamansa a kudu: Legas tana jiƙewa, mu muna kallon sama, wanda ya yi binne yana zullumi.

Kuskurenka shi ne dogaro da hoton tauraron ɗan'adam kaɗai. Fatar ruwan kawai yake gani. Ɗumin da bai yi zurfi ba, iskar kwana biyu ta isa ta gauraya shi ya ɓace. Mai zurfi shi ke daɗewa. Don haka nake matsa maka kan alƙaluman Argo, na'urori kusan 4,000 da ke nutsewa mita 2,000, su taso duk kwana 10 su aiko da zafi da gishirin ruwan. Akwai kuma na'urorin PIRATA, masu auna teku daga wuri guda, da aka girke a Atlantika tun 1997.

Amma kada rawar kai ta ɗebe ka ka yanke wa manomi rana. Teku bai san ranar Talata ba. Iyakarka ka ce makonnin nan sun fi karkata ga ruwa, ko kuwa ga ɗaukewarsa.

Ɗauko taswirar jiya da ta makon jiya mu gwama.