Ruwan gishiri da bekin soda: me za a saya, me za a haɗa a gida?

Tambaya: Jaririna ɗan wata huɗu ne, mura ta toshe masa hanci har nono ba ya iya kamawa sosai. A kantin magani an nuna mini ɗigon hanci iri biyu, na ruwan gishiri da wani da aka ce ya fi saurin buɗe hanci. Wata kuma ta ce in haɗa da kaina. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malama, Allah Ya ba shi lafiya. Ɗauki na ruwan gishirin, ki duba jikin kwalbar ki ga an rubuta sodium chloride 0.9%. Wato gram 9 na gishiri a lita ɗaya ta ruwa, gwargwadon da ya yi kusa da na ruwan jiki, shi ya sa ba ya zafi. Ki kwantar da shi rigingine, ki ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu a kowane hanci kafin ki ba shi nono. Majinar za ta yi laushi ta gangaro, sai ki goge. Wancan mai saurin buɗe hancin jijiyoyin jini yake tsukewa, ba a ba jariri shi, kuma ko babba ya jera kwanaki yana sawa, ranar da ya daina hancin ya fi toshewa.

Haɗin gida na manya ne masu wanke hanci: cokalin shayi ɗaya a shafe na gishiri a rabin lita na ruwa, da ɗan bekin soda don rage raɗaɗi. Sharaɗin shi ne ruwan ya tafasa aƙalla minti ɗaya, ya huce, kuma a zubar da ragowar bayan yini guda. A 2011 mutum biyu sun rasu a jihar Luwiziyana ta Amurka bayan sun wanke hanci da ruwan famfo mai ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke bi ta hanci ta kai ƙwaƙwalwa. Ido kuwa da na'urar shaƙar magani, haɗin gida ba ya zuwa kusa da su. Idan kika ga numfashin yaron na sauri ko ƙirjinsa na lotsawa, ki wuce asibiti.

Tambaya: Ina fama da ƙwannafi, kusan kullum da dare nakan kaɗa bekin soda a ruwa in sha, nan take ya lafa. Ina shan maganin hawan jini. In ci gaba, ko in sayi maganin kanti?

Amsa: Malam, ka dakata da shi. Ba ƙarya ka yi ba, yana aiki: da ya haɗu da asid ɗin ciki sai ya kashe kaifinsa, iska ta taso, ka yi gyatsa ka ji sakayau. Amma rabin cokalin shayi kaɗai na ɗauke da sodiyam kimanin miligram 600, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai miligram 2,000 a yini, har da na abincinsa. Kana shan maganin sauke jini da safe, da dare kana ɗura abin da ke tayar da shi. Mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya da mai juna biyu duk hukuncinsu ɗaya da naka. Yana kuma iya sauya yadda jiki ke karɓar wasu magunguna, kuma shan sa a kan cikin da ya cika dam haɗari ne, don iskar ba ta da wurin zuwa.

A kanti ka nemi maganin ƙwannafi, ka gaya wa mai harhaɗa magani kana da hawan jini, domin masu yin kumfa in an jefa su a ruwa da yawansu sodar ce dai a ciki. Abin da ya fi damuna shi ne kalmar "kullum". Ƙwannafin da ya wuce mako biyu zuwa uku yana buƙatar likita, balle in akwai rama, wahalar haɗiya ko baƙin bayan gida. 

Tambaya: Ya dace in ajiye ledar ƙarin ruwa a gida saboda gudawa?

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Ƙarin ruwa ya ceci rayuka tun 1832, da Dokta Thomas Latta ya gwada shi a kan masu kwalara a Sikotland, amma na wanda ya galabaita ne ko amai ya hana shi riƙe ruwa. In ya yi yawa a huhu yake taruwa, musamman ga ƙananan yara da tsofaffi. Ajiye fakitin ORS, wato garin gishiri da sukari na kantin magani, ki kaɗa shi a daidai yawan ruwan da aka rubuta a jiki, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. In yaro ne, a haɗa masa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14.