Miƙa gida ga Ubangiji

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kai jariri majami'a a yi masa addu'a ya isa a ce an miƙa gida ga Allah. A ganina bai isa ba. A Littafi Mai Tsarki, Hannatu ta kai ɗanta Sama'ila gidan Ubangiji a Shilo bayan ta yaye shi, amma kowace shekara takan ɗinka 'yar riga ta kai masa, ba ta juya masa baya ba. Joshuwa ma, da ya ce shi da gidansa za su bauta wa Ubangiji, da kansa ya fara, sannan ya ambaci gidansa.

Mu nan Wusasa, a gidanmu da asuba ake tara yara kafin makaranta, a karanta Zabura da Hausa, a yi addu'a. Ku fara da minti 10, kai da uwargida, ko da yaran suna gyangyaɗi.