Hukuncin ɗauko kare pitbul daga gidan ajiyar dabbobi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ina zaune a Amurka da iyalina, yarana uku ƙaramin shekararsa 2. Mun je gidan da ake ajiye dabbobin da aka yasar sai babbar 'yata ta ga wani kare pitbul, aka ce mana in ba a samu mai ɗauka ba allura za a masa ya mutu, tun ranar take kuka. Kuma gaskiya unguwarmu ana ɗan sace-sace. Ya halatta in ɗauko shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya raya zuri'a. Tausayin yarinyar nan abu ne mai kyau kar ka tsawata mata, ai a Buhari da Muslim an ruwaito Allah ya gafarta wa wata mace mai zaman kanta saboda ta shayar da kare da takalminta. Amma ka lura, shayar da shi ta yi, ba a ce ta tafi da shi gida ba.

Asali dai ajiye kare an hana sai da buƙata. Annabi (SAW) ya ce wanda ya riƙi kare ba na farauta ko kiwo ko gona ba, kullum ana rage masa ƙiraɗi (wato wani kaso) daga ladansa, a ruwayar Ibn Umar ma ƙiraɗi biyu ne. Gadin gida kuwa malamai da yawa sun yi ƙiyasinsa a kan waɗannan ukun. Ana ma ba da labarin Ibn Abi Zaid Alƙairawani, da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa ai Malik ya ƙi haka, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. To in gadi ne da gaske akwai sauƙi, da sharaɗin ya zauna a tsakar gida ba cikin ɗaki ba, don mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da akwai kare. Kuma ka binciki zuciyarka, gadin ne ya kai ka can ko kukan yarinya ne ka zo kana nema masa hujja?

Batun najasa ba shi ne damuwata ba, a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai da yawunsa masu tsarki ne, wanke ƙwarya sau 7 in ya yi lallagi a ciki bauta ce kawai, Shafi'iyya da Hanbaliyya su ne suka ce najasa ne. Kuɗin da za ka biya ma in na allurar rigakafi ne da fiɗiya da abincin da ya ci, to ba kuɗin kare ba ne da hadisi ya hana.

Inda na tsaya shi ne irin karen. Pitbul asalinsa a Ingila aka haɗa irinsa don faɗa da bijimai, da aka haramta wannan wasan a 1835 sai aka koma haɗa su faɗa da junansu, kuma Ingilar da kanta ta sa masa takunkumi a dokar 1991. Can Amurka ma akwai garuruwan da suka hana shi, wasu masu gidan haya da kamfanonin inshora ba sa yarda da shi. Ban ce kowane pitbul mugu ne ba, akwai masu lafiya ƙalau, amma wannan babba ne, ba ka san hannun da ya taso ba, ba ka san dalilin da ya sa aka kai shi can ba, kai kuma da alama ba ka taɓa kiwon kare ba ga yaro ɗan shekara 2 yana yawo a gida. Ƙa'ida ita ce ba cuta ba cutarwa, kuma tunkuɗe ɓarna shi ake gabatarwa kan jawo amfani. In ya ciji maƙwabci ko ɗan aike bayan ka san halin irinsa, a shari'a kai ne da lamuni, kotun can ma ba za ta ƙyale ka ba.

Don haka a halin da kake ciki ban ga ya halatta ka ɗauko wannan karen ba. Ɓarayi ka sa musu kyamara da ƙararrawa da makulli mai kyau. Karen kuma ku biya masa kuɗin abinci a can ko ku taya su cigiyar mai gona ko wanda ya iya riƙonsa, ladan yana nan in sha Allahu. Yarinya in dabba take so a ɗauko mata kyanwa a gidan, suna da su da yawa. Wallahu a'alam.