Tambaya da Amsa: Daga Rubutun Allo Zuwa Tarihin Jiragen Bahar Maliya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. An haife ni a Bur Sudan, amma tun ina saurayi nake zaune a Jidda. Na fara neman abinci da rubuta allunan shaguna da zanen ado a jikin motoci, daga baya na buɗe shagon ɗaukar hoto, da wayoyin hannu suka kashe kasuwar sai na koyi tsara shafukan intanet, kuma da wannan nake riƙe iyalina a yau. Yanzu zuciyata ta karkata ga tarihin jiragen ruwan da suka ƙetare da kakanninmu daga Sawakin zuwa Jidda. Yayana ya ce na cika taɓa nan taɓa can, ga furfura ta fito ban tsaya a kan sana'a ɗaya ba. Shin in haƙura ne, ko in ci gaba? Idan zan ci gaba, ta ina zan fara?
Mai karatunku daga Jidda

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Yayanka yana da gaskiya a abu guda, shi ne cewa binciken tarihi ba ya cefane, saboda haka kada ka saki reshe ka kama ganye. Riƙe aikin shafukan intanet, ka ware wa tarihin yammacin Juma'a da ranar Asabar. Amma ban yarda cewa ka warwatsa rayuwarka ba, domin sana'o'in nan uku su ne ainihin kayan aikin da na huɗun yake buƙata, kuma da wuya a samu mutum ɗaya da ya haɗa su.

Dubi Sawakin ɗin da ka ambata, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Sudan a gaɓar Bahar Maliya. Bayan buɗe mashigin Suwez a 1869 jiragen ruwa sun ƙara girma da yawa, ƙofar tashar Sawakin kuwa ƙunci gare ta, ga duwatsun murjani a bakinta, sai Turawan Ingila suka fara gina Bur Sudan a 1905, aka buɗe ta a 1909. Fatake suka kwashe suka koma can, gidajen Sawakin da aka gina da dutsen murjani, waɗanda ba sa jure rashin yaɓe da gyara, suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya adana kamanninsu ba malamin tarihi ba ne. Jean-Pierre Greenlaw malamin zane ne a Khartum, wanda ya riƙa zuwa tsibirin Sawakin yana auna gidaje, yana zana ƙofofi da tagogin katako irin waɗanda kake gani a unguwar Balad ta Jidda, har aka buga zanen nasa a littafi a 1976. A yau duk mai son sanin yadda garin yake kafin ya zama kufai, sai ya koma ga waɗannan zane-zane. Haka ma hoto: Muhammad Sadik Bey, hafsan soja daga Masar, ya ɗauki hoton Madina a 1861 da na Makka a 1880, kuma har gobe masana suna dogara da su.

Game da inda za ka fara, shawarata ita ce kada ka fara da jiragen da suka nutse. Jirgin Italiya mai suna Umbria, wanda ma'aikatansa suka nutsar da gangan kusa da Bur Sudan a watan Yunin 1940 ɗauke da bama-bamai, masu ninƙaya sun ɗauke shi hoto ta kowace kusurwa, ba abin da za ka ƙara. Giɓin yana wajen mutanenmu. Tun bayan yaƙin Burmi a 1903, da hijirar da ta kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan, Hausawa da Fulani sun yi ta ratsa Cadi da Darfur a ƙafa, wasu su shekara da shekaru suna tsinkar auduga a yankin Jazira na Sudan don tara guzuri, sannan su isa Sawakin a tsare su a killace don gudun annoba kafin su hau jirgi. Waɗanda ba su da takardu ko kuɗin babban jirgi sukan shiga sambuk, kwalekwalen katako mai filafilai, su ƙetare da dare. Takardun gwamnatin mulkin mallaka sun ƙirga waɗannan bayin Allah, amma muryarsu ba ta ciki, kuma wannan shi ne abin da ke damuna ƙwarai, domin masu labarin suna ta ƙarewa.

Saboda haka ka nemi tsofaffi a Jidda da Makka, musamman mata, waɗanda sau da yawa sun fi riƙe ƙananan bayanai. Kada ka ce wa tsohuwa ta ba ka tarihin zuwansu, domin za ta taƙaita maka shi a jimla biyu. Tambaye ta abin da suka ci a cikin jirgi, wa ya riƙe kuɗin, a ina aka sauke su, wa aka binne a hanya, sai ka ga labarin ya warware da kansa. Ka nemi izini kafin ka naɗi murya, ka kuma tuna cewa wasu gidajen suna da larurar takardun zama, don haka duk wanda ya ce a sakaya sunansa, a sakaya, ko da hakan zai rage wa aikin armashi. Tashar jiragen ruwa ma ba a ɗaukar ta hoto sai da iznin hukuma.

Idan an fito maka da tsohon hoto ko takardar aikin hajji mai hatimi, ka ɗauki gaba da baya, domin sau da yawa kwanan wata ko tambarin mai hoton yana bayan takardar. Ka rubuta sunan wurin da shekarar nan take, ka bambanta abin da aka tabbatar maka da abin da aka yi kirdado. Tsofaffin fima-fiman shagonka ma ka ciro su daga leda, domin zafi da laimar Jidda suna manne su su yi funfuna; ka mayar da su cikin kwamfuta, ka ajiye na asalin a ambulan na takarda a ɗaki mai sanyi. Inda babu hoto ko kaɗan, kamar cikin sambuk a daren ƙetarawa, nan ne alƙalaminka na zane zai yi aiki, muddin ka rubuta a ƙasa cewa zane ne bisa bayanin wance ko wane.

Shafin intanet ɗin ka yi shi da Hausa da Larabci, tunda jikokin masu labarin da yawa Larabci kawai suke karantawa. Sai dai kai ka fi ni sanin cewa shafi yana ɓacewa da zarar an daina biyan kuɗinsa, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, wanda aka wawashe gidan tarihin Khartum a cikinsa, ya nuna haɗarin tara komai a wuri guda. Ka ajiye kwafi a gidanka, wani wajen ɗan'uwa a Kano ko Zinder, sannan ka rubuta wa ma'ajiyar tarihin Sudan da ke Jami'ar Durham a Ingila da Darat Malik Abdul'aziz, cibiyar adana tarihin Saudiyya da ke Riyad, ka tambaye su ko za su karɓi kwafi da kuma sharuɗɗan da suke gindayawa.