Kan ramar da ka shuka a galan da maganar da abokinka ya kawo

Wa alaikumus salam ɗana, ya Accra, ya zaman unguwar Madina, ya aiki? Mu nan Aboabo lafiya lau, damina ce ta sa mu gaba kawai. Na ga hotunan da ka turo ta WhatsApp na kuma saurari saƙonka har ƙarshe. Ka ce ramar da ayoyo da zogalen da ka shuka a galan cikin ɗakinka kusa da taga ganyensu na ta yin rawaya suna zuba, mai gidanku kuma ya leƙo ya ga ramar ya ɗauka wiwi ce har ya ɗaga maka murya, sannan wani abokinka ya ce maka ai ko wiwin ce ba komai, wai kakanninmu suna shukawa a gida don magani kuma gwamnati ma ta halatta yanzu. Shine kake tambaya ko shuka a ɗaki al'adarmu ce, kuma ya mutanen da suke gane ciwon ganye.

Toh bari in fara da ta abokin naka don ita ce ta fi tayar min da hankali. Ba gaskiya ya faɗa maka ba. A gidanmu da duk gidajen da na tashi na gani a zango, ba a taɓa lissafa wiwi cikin shukar gida ba, abin maye ne kuma malamanmu sun haramta, wanda ke shukawa a ɓoye yake yi. Ita kuma dokar da yake magana, a 2020 aka yi dokar NACOC, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Ghana, mai lamba 1019, sashe na 43 ya ba ministan cikin gida ikon ba da lasisin noma irin wiwin da sinadarin mayensa, THC, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, don masana'anta da haɗa magani. Kotun Ƙoli ta soke sashen a 2022, majalisa ta sake gyara dokar a 2023 aka mayar da maganar lasisin. Kaga kenan ba a ce kowa ya dasa a bokiti a ɗakin haya ba, mai shukawa ba lasisi laifi ya yi har gobe. Don Allah kar ka karɓi iri ko ɗaya daga hannunsa ko da ya ce ajiya ce.

Mai gidanku kuwa kar ka ga laifinsa, rama idan ta tashi ganyen samanta yana rabuwa yatsu-yatsu, wanda bai santa ba dole ya tsorata. Ka je ka gaishe shi da ladabi ka nuna masa. Ganyen ƙasa-ƙasa na rama faffaɗa ne bai rabu ba, na saman ma yatsun a haɗe suke daga gindi, jikin karan akwai 'yan ƙananan ƙayoyi, in ya tsinki ganyen ya tauna zai ji tsami, ba ta da wannan warin kuma, in ta yi fure zai ga babban fure fari-fari mai ja a tsakiya irin na kuɓewa. In matarsa 'yar arewacin Ghana ce ka ce mata bra ce, sunan ramar a can, nan take za ta gane. Ranar da ka fara tsinka ka kai musu.

Yanzu al'ada. Eh muna shuka a gida tun asali, amma a tsakar gida da bayan ɗaki da gefen danga, ba a cikin ɗakin kwana ba. Kuma yawanci aikin mata ne. Mutanenmu da suka biyo hanyar fataucin goro ta Salaga suka zauna a Kumasi ba su bar miyarsu a baya ba, iri a ƙulle a bakin zane yake zuwa, rama, yakuwa, alayyahu da nan ake ce ma alefu, kuɓewa, lalle. Kakarka Allah ya jiƙanta ko tsohon kwanon da ya huje ba ta yarwa, sai ta cika shi da ƙasa ta ajiye bakin rijiya. Lallen da aka sa ma amaren gidanmu da yawa daga bishiyar bayan ɗakinta aka tsinko. Iri kuma ba a sayar ma maƙwabci, ba a hana shi, wanda ya roƙa a ba shi, tsinkar farko a raba gida-gida, yaro kuma ba ya sa hannu a shukar wani sai ya yi sallama ya tambaya ko da ganye biyu ne. Manya suna kafa hujja da hadisin nan da ke cewa Musulmin da ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, an rubuta masa sadaka, shi ya sa ba su son shukar da aka kulle ma ƙofa. Ban da haka ma ɗaki ba rana, ba iska, ruwan da ke taruwa ƙarƙashin galan kuma sauro yake tarawa. Waɗannan ganyayyakin namu 'yan rana ne, suna son kamar awa 6 ko fiye a yini. Dubi ayoyonka a hoto na biyu, ya yi tsawo siriri ya karkata wajen taga, tsakanin ganye da ganye da nisa, wannan ba yunwar taki ba ce, haske yake nema. Fitar da su baranda, amma a hankali, rana ta safe tukuna na 'yan kwanaki, in ka jefa su cikin ranar azahar lokaci ɗaya ganyen zai ƙone ya yi fari.

Gane ciwon ganye kuma, abin da nake so ka riƙe shine kar ka zuba komai sai ka duba wane ganye ne ya fara, na ƙasa ko na sama. Yara yanzu da sun ga rawaya sai taki, sai magani, shukar ta mutu a hannunsu su ce ƙasar ce ba kyau.

In tsofaffin ganyen ƙasa ne suka yi rawaya gaba ɗaya har jijiyoyin, na sama na nan kore amma ƙanana, yunwa ce, abin da malaman gona ke kira naitirojin ya ƙare a ƙasar. Shuka tana janye abincin daga tsohon ganye ta tura ma sabo, kamar uwar da ta hana cikinta ta ba ɗanta, shi ya sa ciwon ke farawa daga ƙasa. Wannan kashin shanu ko na awaki da ya bushe ya ruɓe sosai yake so. Kashin kaji ɗanye kuwa wuta ne, in ka ga bakin ganye ya bushe ya yi ruwan ƙasa daga tsini 'yan kwanaki bayan ka sa taki, toh ka cika hannu, sai ka yi ta zuba ruwa mai kyau har ya riƙa fita ta ƙasa ya wanke. Haka ma takin zamani 15-15-15 da ake aunawa a kasuwa, a galan ɗaya ɗan abin da yatsu uku suka ɗauka ya isa, kuma nesa da gindin. In tsohon ganye ne ya yi rawaya tsakanin jijiya da jijiya su jijiyoyin suna kore, magniziyam ne ya yi ƙaranci. In kuwa sabon toho ne na can sama ya fito fari-fari da jijiya kore, sinadarin ƙarfe ne saiwar ta kasa ja, kuma sau da yawa toka ce ta yi yawa ko ƙasar ta jiƙe ta daɗe ba ta sha iska ba. Toka tana da amfani, kakarka tana barbaɗawa da sassafe kan raɓa saboda ƙananan ƙwarin nan masu tsalle da ke huda ganyen rama da kuɓewa, amma barbaɗawa take, ba ta juyewa a gindi.

Naka dai, yadda na ga hoton, na fi zargin ruwa. Ganyen ya langaɓe alhali ƙasar baƙa ƙirin take da danshi, har na hango kore-kore a samanta, kuma ban ga alamar ka huda gindin galan ɗin ba. Saiwa ma numfashi take, in ta kwana cikin ruwa ruɓewa take, ganye ya yi yaushi kai kuma ka ɗauka ƙishi ne ka ƙara. Zogale ya fi kowa ƙin wannan, da ruwa ya yi masa yawa sai ƙananan ganyen su yi rawaya su zube. Ka ɗauki ƙusa mai zafi ka huda gindin wuri biyar ko shida, ka ɗora galan kan duwatsu, kafin ka ba su ruwa ka tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, in da sanyi ka bari sai gobe. Ka tumɓuke guda ɗaya wanda ya fi lalacewa ka duba saiwar, mai lafiya fara ce da ƙarfi, ruɓaɓɓiya ruwan ƙasa ce tana wari tana saɓulewa a hannu. In kuma ka ga ƙulli-ƙulli a jikin saiwar, tsutsar ƙasa ce wadda ido ba ya gani, rama tana yawan kamuwa da ita, wannan ƙasar zubar da ita za ka yi ka samo wata. Ruwan wanki mai Omo ko bilic kar ya je kusa da su, na san ruwa na wahala a wajenku amma gara ruwan alwala ko na wankin shinkafa.

Sannan ka koyi juya ganye, yawancin ɓarnar a bayansa take. In ka girgiza shukar wasu farare ƙanana suka tashi, farin ƙuda ne. In sabon toho ya nannaɗe yana danƙo tururuwa na hawa da sauka, darɓa ce. Lokacin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu da iska ke bushewa, sai ka ga ɗigo-ɗigo kamar an tsira allura da ɗan zare siriri a ƙarƙashi, wasu mitsi-mitsin ƙwari ne jajaye, shukar cikin ɗaki suka fi kamawa don ba ruwan sama da zai wanke su. Dukkansu abu ɗaya muke yi, a daka 'ya'yan dogon yaro kamar cikin hannu biyu, a jiƙa a ƙaramin bokiti su kwana, a tace, a narka ɗan baƙin sabulun nan alata samina kaɗan a ciki, a fesa bayan ganyen da yamma bayan la'asar, a maimaita bayan sati. Ka gwada a ganye biyu tukuna. Maganin feshi na kwalba da ake sayarwa ba takarda ba suna, kar ka sa ma ganyen da za ka ci jibi. Farin abu kamar gari a saman ganye kuma cunkoso ne da rashin iska, cire waɗanda suka kamu ka raba galan ɗin da juna.

Zogalen ba zai daɗe a galan ba, saiwarsa ƙasa take nitsewa, ka roƙi mai gidan ya ba ka gefen katanga ka dasa, in ya kai ƙirjinka ka tsinke kan don ya yi rassa. Ramar kuma ka bar biyu su yi fure su yi 'ya'ya saboda irin baɗi. Akwai irin yakuwa da na ajiye, in an samu mai zuwa Accra zan ba shi ya kawo maka. Bayan sati biyu ka turo min hoton sabon tohon, ba tsohon ganyen ba, wanda ya riga ya yi rawaya ba ya dawowa. Ka gaida babanka in kun yi waya.