Kashin Dankali da Bugun Kura

Wani malamin firamare daga Zariya ya aiko yana cewa, a wajen taron ƙungiyarsu ya ji ana ta faɗin "ana yi mana kashin dankali", shi kuwa bai ga abin da ya haɗa dankali da kashi ba.

Malam, ba wancan kashin ba ne, ba kuma ƙashi na jiki ba. Daga "kasa" kalmar ta fito, wato a kasa kaya a kasuwa, kamar yadda ake cewa kashin tumatir ko kashi ɗaya cikin uku. Dankalin ma na Hausa ake nufi, mai zaƙi, ba na Turawa da ake nomawa a Filato ba. In ka tsaya gaban mai dankali za ka ga ya shimfiɗa ƙananan a ƙasa, ya ɗora manyan a sama. Shi ya sa cikon maganar yake "babba ya danne ƙarami". Masu fassara galibi a nan suke tsayawa, ni kuwa ina ganin akwai saura. Mai kasawa ba don mugunta ya jera su haka ba, don ido ya yi. Mai saye manyan yake gani ya yi ciniki, alhali ƙananan ne suka ɗaga kashin har ya yi tudu. To, haka ma'aikatar da za a yaba wa shugabanta a rediyo, masinja da mai shara kuwa suna bin albashin watanni.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi kuma ta tambayi ko wannan ɗaya ne da "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi". Suna kusa, amma kowanne da gidansa. Na farko danniya ce, na biyu cin gumin wani. Gardi a nan shi ne mai wasa da kura ko maciji, wanda ke zagaya kasuwanni da kura a takunkumi da sarƙa, yana dukanta tana tsalle, jama'a na jefa kuɗi. Akwai gardi na tsangaya, babban almajiri, ba shi ake nufi ba. Kada kuma a rubuta "garɗi" da ɗ, wannan daɗin madara ne ko soyayyiyar gyaɗa.

Abin da ke burge ni shi ne kurar da aka zaɓa. A tatsuniya ita ce sarkin haɗama da cin zali, amma da aka ci haƙƙinta, Bahaushe bai ce alhaki ne ya kama ta ba, sai ya shigar mata ƙara a karin magana.

Mai tambaya kan "'yan mowa da 'yan bora" kuwa, daga gidan kishiyoyi aka aro shi. Mowa ce matar da miji ya fi so, bora wadda ya juya wa baya, 'ya'yansu kuma su gaji matsayin. A yau ana jin sa a bakin ma'aikata da 'yan fansho, in gwamnati ta biya wasu ta bar wasu.