Hukuncin sharbot ɗin dabino da aka sa wa yis ya kwana biyu

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazauniyar Omdurman ce a ƙasar Sudan, maigidana ya rasu, da sana'ar abin sha nake riƙe da yara. Da azumi ina yin hilu-mur, da Babbar Sallah kuma sharbot, haka ma a dararen Maulidi da ake kwana a filin Masallacin Khalifa, da gidajen biki. Wajen yin sharbot, ina dafa dabino kilo 5 a ruwa lita 20 da citta da kirfa, in ya huce in zuba yis cokali biyu, in rufe jarka ya kwana biyu. Masu saye sun fi son mai kumfa. Babban ɗana ya ce giya nake sayarwa. Maƙwabciyata kuma ta ce ta ji a wurin karatu cewa muddin bai wuce kwana uku ba halal ne, don Annabi (SAW) ya sha. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya sha kofi ɗaya ya bugu ba. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya marayun nan, ya sa albarka a neman da kike yi.

Hilu-mur ba shi da matsala. Ƙullin tsiron dawa ne da aka bari ya yi tsami, aka gasa shi falle-falle a kan wuta, daga baya a jiƙa a tace. Hukuncinsa hukuncin kisra ne (gurasar dawa mai tsami ta Sudan) da fura da nono. Marisa da aragi kuwa, wato giyar gargajiya ta Sudan, babu mai tambaya a kan haramcinsu.

Maganarmu tana kan cokali biyun nan na yis, da rufe jarkar da kike yi. Da kin ce dabino kike dafawa da kayan ƙamshi ki sayar a ranar, da na ce Allah ya ba da kasuwa. Amma yis aikinsa ɗaya ne a cikin ruwan zaƙi: yana cin sukari, yana fitar da barasa da iska. Kumfar da masu saye ke so ita ce iskar, kuma ba ta fitowa ita kaɗai, tare da barasa take tafiya. Busasshen dabino wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne, don haka kilo 5 ɗinki yana ɗauke da kusan kilo 3 na sukari, wato wajen giram 150 a kowace lita. Kowane giram 17 a lita yana ba da barasa kashi 1 cikin 100. In yis ya cinye duka, abin zai kai kusan kashi 9. In rabi kawai ya ci, ya kai kashi 4, kuma giyar kwalba da aka sani tana tsakanin 4 da 5 ne. Yis ya fi kuzari a ɗumin digiri 30 zuwa 35, kin kuwa san ɗakin Omdurman ba ya rasa wannan. Saboda haka abin da ke cikin jarkarki a rana ta biyu giya ce. Shan ta da yin ta da sayar da ita haramun ne, ɗanki ya faɗa miki gaskiya. Ki gode masa, kada ki ɗauka raini ne, domin ba ƙaramin nauyi ba ne ɗa ya faɗa wa mahaifiyarsa irin wannan magana.

Yanzu zancen kwana uku, wanda shi ne ya ruɗi mutane da yawa a ƙasar nan, har da masu ɗan karatu. Hadisin da suke nufi ingantacce ne, Muslim ya ruwaito shi daga Ibn Abbas: ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi, ya sha a ranar da washegari, har zuwa yammacin rana ta uku, sannan ya sa a ba wani ko a zubar. Amma ki lura da abin da ke cikinsa. Jiƙo ne a ruwa kawai, babu wanda ya zuba masa abin da zai tayar da shi. Ana jiƙawa ne don ruwa ya yi zaƙi, kuma ana zubarwa ne don gudun ya juya. Ke kuma kina sa yis ne da nufin ya juya. Yaya za a kafa hujja da aikin mai gudun abu don halatta aikin mai neman sa?

Sannan kwana ukun iyaka ce ta sama, ba lasisi ba ne. Malaman Hambaliyya, waɗanda su ne suka fi riƙo da ƙirgar kwanaki, cewa suka yi in ruwan 'ya'yan itace ya cika kwana uku an daina sha ko da bai motsa ba, in kuma ya tafarfasa kafin nan ya haramta nan take. Mu Malikawa, haka ma Shafi'awa, ba ma ƙirga kwana ko kaɗan, ƙarfin abin muke dubawa: in ya kai yadda mai yawansa zai sa maye, ya haramta ko da yininsa ɗaya. Kin ga duk mazhabar da maƙwabciyarki ta bi, ba za ta fitar da jarkar nan ba. Akwai kuma hadisin Abu Huraira a wurin Abu Dawud: ya kawo wa Annabi (SAW) jiƙo a cikin duma don buɗa baki, sai ga shi yana tsuwwa yana motsi, Annabi ya ce a watsa shi a bango. Bai tambayi kwanansa nawa ba. A gidansa ma, kamar yadda Nana A'isha ta faɗa, ana jiƙawa da safe ya sha da yamma, a jiƙa da yamma ya sha da safe. In wani ya kawo miki cewa Abu Hanifa ya sassauta a kan kaɗan na abin da ba inabi ba, ki sani almajirinsa Muhammadu ɗan Hasan ya saɓa masa, kuma a kan maganar almajirin fatawar Hanafawa ta zauna.

Cewa ba ki ga wanda kofi ɗaya ya bugar ba, shari'a ba da kofi take awo ba. Abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa haramun ne. Kuma ke kofin da kika miƙa kawai kike gani. Saurayin da ya dawo sau biyar tsakanin isha'i da asuba, ko wanda ya cika gora ya tafi da ita, ba a gabanki yake ƙarasawa ba.

Ba na so ki bar sana'ar, gyara ta za ki yi. Ki wanke dabino, ki dafa da cittarki da kirfa har ya yi laushi, ki murje ki tace da ƙyalle mai tsabta. Tafasar tana kashe yis ɗin da ke jikin dabino tun asali, don zafin digiri 60 ma ya ishe shi. Wurin da ake samun matsala shi ne hucewa: in kika bar tukunya buɗe ta yini tana ɗumi, wani yis ɗin zai shigo daga iska da ludayi. Ki raba shi a ƙananan mazubai ya huce da wuri, ya shiga firij ko ƙanƙara. In wutar lantarki ba ta da tabbas, ki dafa da hantsi gwargwadon abin da zai ƙare a daren, wanda ya kwana a zafi kada ya koma kasuwa. Kada ki zuba ragowar jiya a kan sabo, wannan daidai yake da zuba yis. Jarkokin da kika saba amfani da su kuwa ki wanke su da tafasasshen ruwa, ko ki canza su in da hali. Tsohuwar ƙwarya da tulun da ya taɓa ɗaukar mai kumfa suna riƙe yis a jikinsu, kuma dama Imamu Malik ya karhanta jiƙo a duma. Haka nan kada ki haɗa dabino da zabibi a jiƙo ɗaya, an yi hani a kan haka, kuma haɗin yana saurin juyawa.

Masu son ɗan tsami, ki sa musu tsamiya ko lemun tsami ko zoɓo. Masu son kumfa, ki tsiyaya ruwan soda a kofi lokacin miƙawa. Alamun da za ki riƙa dubawa: jarka ta kumbura, murfi ya yi huci in an buɗe, kumfa tana tasowa daga ƙasa ba tare da an girgiza ba, zaƙi ya ragu, wari ya fara hawa hanci. In kin ga haka ki zubar, kada ki ce za ki sake dafawa, tafasa ba ta mayar da giya halal. Ruwan hilu-mur ma, in an sa masa sukari ya kwana a zafi, ki shinshina kafin ki ba mai azumi.

Abin da ya wuce kin yi shi ne cikin rashin sani, ki yi istigfari, ba na ɗora miki fitar da kuɗin da yara suka riga suka ci. Amma daga yau kin sani. Wasu masu saye za su gudu, kuma waɗanda za su gudu su ne masu cewa a ba su "mai ƙarfi". Ki bar su su tafi. Ki tuna gyaran dokar giya da aka yi a 2020 waɗanda ba Musulmi ba kawai ya sassauta wa, ke bai shafe ki ba, kuma marayun nan ba su da wani in aka tsare ki.

Kwanan da kike yi a fili ma yana damuna. Ki zauna inda haske yake, kusa da sauran mata masu sayarwa, ɗan nan naki ya riƙa raka ki, 'yan matanki kuma kada ki tura su yawo da tire cikin maza da tsakar dare. Ki tashi da wuri yadda sallar asuba ba za ta kuɓuce muku ba. Maƙwabciyarki kuma ki karanta mata wannan amsa cikin lalama, don da alama ita ma tana da jarka a ɗaki.

Wallahu a'alam.